Golf ɗin da ta ƙona gasket sau biyu cikin wata biyu

## Motar da mai ita

Mai motar maƙwabcina ne a Rijiyar Lemo, yana da ɗan shagon atamfa a Kantin Kwari. A motarsa nake shiga gari kusan kullum, saboda haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi. Ya yarda in rubuta, amma ya ce kada in ambaci sunansa. Makanikan ma haka zan bar su.

Motar Volkswagen Golf 3 ce, ƙirar 1996, 'yar Kwatano. Ya saye ta a 2016 a hannun wani da ya riga ya more ta shekaru a nan Kano. Injinta 1.8 ne, mai silinda huɗu da bawul takwas, irin wanda kowane gareji ya san shi ciki da bai. Gangar injin baƙin ƙarfe ce, kansa kuma, wato abin da makanikai ke kira tof silinda, na alminiyom ne. Tsakaninsu ake shimfiɗa tof gasket, wani siririn faranti mai ramuka, a ɗaure da dogayen kusoshi goma. Aikinsa shi ne ya raba wutar da ke cin fetur a cikin silinda da ruwan da ke sanyaya inji da kuma baƙin mai, domin duka ukun daf da juna suke wucewa. Alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Idan inji ya yi zafin da ya wuce ƙa'ida, kan da gangar ba sa motsawa tare, gasket ɗin da ke tsakani shi ke ji a jikinsa.

A bazarar 2017 allurar zafi ta ɗan haura, aka kai motar gareji. Makanikin wancan lokacin ya cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi, ya jefar, ya ce kayan ƙasar sanyi ne, ba na Kano ba. Mai waya kuma ya haɗa fanka dairek: da an murɗa makulli ta kama juyi, da an kashe mota ta tsaya. Tun daga nan ruwan da motar ke sha na 'yan garuwa ne, na rijiyar burtsatse, daga jarkar da ake aikin gida da ita. An yi shekara shida a haka ba wanda ya koka.

Hanyarta ba ta canzawa. Da safe titin Katsina, ta Kurna zuwa Fagge, da yamma a dawo cikin cunkoso. Ranar Lahadi kuma Bichi, wajen kilomita 40, gaida mahaifiyarsa.

## Nuwamba 2023 zuwa Fabrairu 2024: ruwa ya fara ɓacewa

Golf 3 ba ta da murfi a kan lagireto. Ruwa ana zuba shi ne ta wata roba mai kamar ƙwallo a gefen inji, kuma murfin robar shi ke riƙe matsin ruwan. A Nuwamba 2023 maƙwabcina ya lura ruwan robar yana sauka ƙasa da layi duk mako, kusan rabin lita. Ya duba ƙarƙashin motar da safe sau da yawa, ba ɗigo ko ɗaya. Hunturu ya shigo, allura ba ta hawa, sai ya ci gaba da ƙarawa. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin da ya saba ware wa gyara fetur ke cinye shi, duk abin da bai tsayar da mota ba sai a ce gobe.

A Disamba ya kai ta wurin mai lagireto. Aka zuba garin sabulu, aka bar inji ya yi aiki, aka sa tiyo aka wanke. Ruwan da ya fito ja ne, kamar na kududdufi bayan ruwan farko. Ba a buɗe lagireton ba.

A Janairu 2024 asarar ta koma rabin lita duk kwana uku. Wani ya ba shi shawarar garin toshe yoyo, irin na 'yar leda, ya zuba biyu. Ruwan ya tsaya mako biyu, sannan ya ci gaba da sauka. A wannan watan ne muka fara jin murfin robar yana huci idan an kashe mota. Wani yaron gareji ya naɗa leda a bakin robar ya ɗaure murfin a kai, hucin ya ragu.

## 27 ga Maris 2024: ranar da ta tafasa

An ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, wannan ce rana ta 17, Laraba. Mun taso daga kasuwa a makare, ƙarfe shida ta yi mana a cunkoson Kurna, 'yan A Daidaita Sahu sun cika ko'ina, kowa na son ya sha ruwa a gida. Allura ta bar digiri 90, ta wuce 110, jar fitila ta fara ƙyaftawa. Na ce masa, "Malam, mu tsaya mana." Ya ce, "Saura kaɗan, bari mu fita daga wannan matsin." Muka ƙara kusan kilomita biyu. Injin ya fara wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ƙarfinsa ya ragu, ya mutu da kansa.

Da aka ɗaga bonet tururi ya turnuƙe mu. Nan da nan mutane suka taru, kowa da shawararsa. Maƙwabcina ya sa tsumma ya murɗa murfin robar, ruwa ya yi tsartuwa ya ƙona masa wuyan hannu, tabon yana nan har yau. Aka sayi ruwan leda mai sanyi guda goma daga yaran da ke sayar wa masu buɗa baki, aka fasa wasu a kan injin, ƙarfen yana cuu, aka ɗura wasu a roba. A bakin titin muka sha ruwa da dabino da ledar da ta rage. Bayan Magariba motar ta tashi, muka lallaɓa gida.

Daga washegari ta zama wata motar daban. Da safe tana tashi da rawa, kamar fulogi ɗaya ba ya ci, sai bayan minti ɗaya ta daidaita. Salansa na fitar da farin hayaƙi ko da rana ta take. Ruwa lita ɗaya da rabi kullum. A ƙarƙashin murfin baƙin mai kuma wani kitse-kitse ya taru, launin shayi mai madara.

## Afrilu zuwa Mayu 2024: gyaran farko

An yi ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu. Ranar Litinin 15 ga wata ya kai ta wurin makanikin da ya saba. Ya leƙa murfin mai, ya dubi hayaƙin, ya ce, "Alhaji, gasket ne ya ƙone. Zuwa yamma ka zo ka ɗauki abarka."

Na zauna a wurin rabin yinin. An kwance tof silinda, yara suka goge fuskarsa da sanfefa har ta yi ƙyalli, ogan ya ɗaga shi ya hanga da ido ɗaya, ya ce lafiya lau yake. An sayo gasket mafi araha, a leda marar suna. An shafa masa gam gaba da baya. An mayar da tsofaffin kusoshin, aka zura bututu a bakin sifana aka ɗaure su daga wannan ƙarshe zuwa wancan, har sai da yaron ya rataya da nauyinsa. An canza baƙin mai, an cika ruwan garuwa. Lagireto da famfon ruwa da murfin roba ba wanda ya taɓa su. Duka aikin ya tashi a naira 62,000.

Mako uku motar ta yi shiru. Hayaƙi ya ɗauke, rawar safe ta tafi. Amma a cunkoso allura tana zama sama da 100, ba ta sauka sai an samu hanya. A mako na huɗu ruwa ya sake fara raguwa.

Ranar Lahadi 19 ga Mayu, kwana 34 da gyaran, yana hanyar Bichi da iyalinsa, ya wuce Dawanau kaɗan, babban tiyon sama ya fashe. Da igiya aka jawo ta. Makanikin ya ce gasket ɗin ya sake ƙonewa domin jabu ne, kuma gaskiya injin ya gaji, gara a sauke shi a sa ɗan Beljiyom. Kuɗin da aka faɗa ya kusa rabin darajar motar. Ta yi mako biyu a ƙofar gida, yara na rubutu da yatsa a ƙurar gilashinta.

## 3 ga Yuni 2024: awo kafin kwancewa

Wani abokin kasuwarsa ne ya haɗa shi da wani dattijon makaniki a wajajen Ƙofar Ruwa, wanda ya koyi aiki tun zamanin Peugeot 504. Da aka ba shi labari, abin da ya fara tambaya shi ne, "Malam, kafin gasket ɗin ya ƙone, me ya kawo zafin?" Maƙwabcina ya ce, "Wallahi Baba, ban sani ba." Ya ce, "To shi za mu nema tukuna."

Ranar farko bai kwance kan inji ba. Ya sa sabon tiyo, ya cika ruwa, ya tada injin da sanyinsa. Kafin minti ɗaya kumfa ta fara tasowa a roba, tiyon ya yi tauri kamar tayar keke, alhali ruwan ko ɗumi bai yi ba. Ya ce wannan iskar silinda ce ke shiga hanyar ruwa, ita ce kuma ta fasa wancan tiyon. Ya cire fulogai huɗu ya jera a kan bonet. Na ɗaya da na huɗu sun yi duhu yadda aka saba, na biyu da na uku fes kamar an wanke su. Tururi ne ya wanke su.

Sai ya ɗauko agogon awon matsi, yana aunawa yana rubutawa da biro a kan yagaggen kwali. A ma'aunin matsi da ake kira ba (bar), silinda ta ɗaya 11, ta biyu 6.5, ta uku 6, ta huɗu 11. A ƙa'idar wannan injin lafiyayyar silinda tana ba da 10 zuwa 13, ƙasa da 7.5 kuwa ta faɗi. Biyu da ke maƙwabtaka da juna sun faɗi tare, alamar katangar da ke tsakaninsu ta buɗe.

Bai tsaya nan ba. Ya gwada murfin roba da ɗan famfon hannu: ya kamata ya riƙe matsin kusan ba 1.5, amma ko 0.5 bai riƙe ba, robar cikinsa ta bushe ta tsattsage. Ya nuna mana ɗan siririn tiyon da ke mayar da ruwa cikin robar, ya ce idan aka taka totur ya kamata a ga ruwa na feshi, na wannan ɗigo kawai yake. Da injin ya yi ɗumi ya kashe shi, ya cire wayar fanka, ya bi fuskar lagireto da tafin hannu, ya kama hannuna ya ɗora. Sama da zafi, tsakiya zuwa ƙasa wurare da yawa sanyi ƙalau. Fankar ma da ya saurare ta ya ce ta gaji, juyinta bai kai ba.

## 4 zuwa 8 ga Yuni 2024: gyara na biyu

Da aka ɗaga tof silinda, ga baƙar hanya a jikin gasket tsakanin rami na biyu da na uku, ta kuma ɓalle zuwa ramin ruwa. Gam ɗin da aka shafa ya matso ya toshe wasu ƙananan ramukan ruwa. Baba ya goge fuskar kan, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kai, yana zura siraran reza na awo a ƙarƙashi. A gefe ba ta shiga. A tsakiya ta milimita 0.25 ta wuce salin alin. Iyakar lanƙwasar da aka yarda da ita ga wannan kan 0.1 ce. Ido ba ya ganin wannan, don kaurin bai fi na takarda biyu ko uku ba. Gangar injin da ya auna, tana nan a miƙe.

An kai kan injin wurin masu giraindin, wato masu aske fuskar ƙarfe da na'ura. Sun toshe ramukansa, sun ba shi iska a cikin ruwa, kumfa ba ta fito ba, wato bai tsage ba. Sun aske milimita 0.3, tsayinsa ya koma 132.7. Mafi ƙanƙantar tsayin da aka yarda da shi 132.6 ne. Baba ya ce, "Malam, wannan shi ne askinsa na ƙarshe."

Famfon ruwa da aka ciro, fukafukansa tsatsa ta cinye su, sun zama kamar tsohuwar wuƙar da aka daɗe ana wasawa. Mai lagireto ya buɗe bakin lagireton, fiye da kashi ɗaya cikin uku na bututunsa sun toshe da farin dutse-dutse irin na gindin buta, haɗe da tsatsa da wani danƙo mai ruwan ƙasa, ragowar garin toshe yoyo. Aka sayo wani lagireton ɗan Beljiyom, aka gwada gudun ruwansa kafin a biya. An wanke cikin gangar injin har sai da ruwa ya fito fari.

Gardama ɗaya aka yi, a kan tamostat. Maƙwabcina ya ce shi dai a bar motar yadda take, ya ji an ce shi ke riƙe ruwa ya sa zafi. Baba bai yi musu ba. Ya aiki yaro ya karɓo tukunya wurin mai shayi, ya jefa sabon tamostat a ciki da ma'aunin zafi, muka tsugunna muna kallo. Ruwa na kaiwa 87 bakinsa ya fara buɗewa a hankali, kafin ya tafasa ya buɗe sosai. Sai ya juya shi ya nuna ɗan faifan da ke ƙasansa, ya kuma nuna ramin da yake rufewa a gidan famfo. A irin wannan injin akwai gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya ratsa lagireto ba, don inji ya yi ɗumi da wuri. Idan tamostat ya buɗe, faifan nan ne ke rufe gajeriyar hanyar. Idan babu shi, hanyar a buɗe take har abada, wani kaso na ruwan zafi yana ta zagaye bai taɓa ganin lagireto ba. Maƙwabcina ya yi shiru, can ya ce, "Baba, a sa."

Ɗaurin ya ɗauki safiya guda. An busa ramukan kusoshi goman da iska, domin idan mai ko ruwa ya kwanta a ciki, ƙusa za ta yi tauri alhali ba ta danne kan ba. An shimfiɗa gasket mai suna a bushe, ba gam, gefen da aka rubuta wa alamar sama yana sama. An sa sababbin kusoshi, saboda irin waɗannan miƙewa suke idan an ɗaure su, tsohuwa ba ta sake riƙewa kamar da. Baba da kansa ya riƙe sifana mai awo, daga tsakiya yana fita gefe: zagaye na farko a kan awo 40, na biyu a kan 60, sannan kwatan juyi, sannan wani kwatan. An sa sabon taimin bel tunda an riga an buɗe wurin. Mai waya ya kwance dairek, ya mayar da makunnin fanka na jikin lagireto, mai kunna ta idan ruwa ya yi zafi, aka canza motar fankar. Aka zuba kusan lita 6 na kulan, wato ruwan sanyaya inji mai launi, haɗe da tataccen ruwa rabi da rabi, da sabon murfi, aka bar inji yana aiki har iska ta gama fita, fanka ta tashi ta tsaya sau biyu da kanta.

An gama ranar Asabar 8 ga Yuni. Kaya da aiki da giraindin, naira 205,000.

## Yuni 2024 zuwa Afrilu 2025

Ranar babbar Sallah, 16 ga Yuni, ta je Bichi ta dawo, allura na kan 90. Bayan kilomita 500 aka sake canza baƙin mai don fitar da ragowar ruwa, aka sake awon matsi: 11, 11, 10.5, 11. Baba ya ja layi da alƙalamin maka a jikin roba ya ce a riƙa dubawa da safe kafin a tada mota.

A Yuli ruwan ya sauka yatsa ɗaya ƙasa da layin, hankalin maƙwabcina ya tashi. Wannan karon an ga inda yake fita, don kulan yana barin launi inda ya bushe: wani mahaɗin roba ne a gefen tof silinda ya tsage saboda tsufa. An canza shi cikin awa ɗaya.

Damina da hunturu ba su gwada mota. Gwajin ya zo a azumin Maris 2025 da zafin Afrilu, lokacin da rana ke kaiwa 40 a Kano. A wannan cunkoson na Kurna allura na ɗan wuce 90, a ji fanka ta tashi, ta dawo da ita. Wani lokaci ma bayan an kashe mota a ƙofar gida fankar kan ci gaba da juyi na ɗan lokaci, abin da dairek ya hana ta yi shekara bakwai.

## Me ya faɗi, me ya yi aiki

Makanikin da ya yi gyaran Afrilu bai yi ƙarya ba da ya ce gasket ya ƙone. Amma an bar jaki ana dukan taiki. A ganina ciwon ya fara ne daga ruwan burtsatse: shi ya tara dutse a lagireto, shi ya bar tsatsa ta ci famfo, tunda babu kulan mai hana tsatsa. Mutane na ɗauka kulan maganin ƙanƙara ne kawai, don haka ba ruwan Kano da shi, alhali rabin aikinsa kare ƙarfe ne. Sai murfin roba, wanda ya fi komai araha a cikin kayan da aka canza. A tudun Kano ruwa a buɗe yana tafasa wajen 98, amma a ƙarƙashin lafiyayyen murfi sai ya wuce 120. Da murfin ya mutu, ruwan ya riƙa fita a tururi, shi ya sa ba a taɓa ganin ɗigo a ƙasa ba. Garin toshe yoyo bai samu ramin da zai toshe ba sai bututun lagireto.

Lanƙwasar kan kuwa, kilomita biyun nan da jar fitila na ƙyaftawa da ruwan sanyin da aka fasa a kan ƙarfe mai zafi, su suka jawo ta. Ina cikin waɗanda suka fasa ledar, kuma abin yana damuna.

Gyaran Afrilu ba zai yiwu ya riƙe ba ko da gasket ɗin na asali ne. An ɗora shi ƙarƙashin kan da ya lanƙwashe ninki biyu da rabi na iyaka, an ɗaure da kusoshin da suka riga suka miƙe, ba awo, ba tsari, sannan aka mayar da shi cikin zafin da ya ƙona na farko. Shawarar sauke inji ma da ba ta warkar ba, domin ɗan Beljiyom ɗin da wannan lagireton da wannan murfin da wannan fankar zai zo ya tarar. Abin da ya bambanta gyaran Yuni shi ne yinin farko, wanda aka kashe a awo kawai, har maƙwabcina yana ƙorafin an yini ba a yi komai ba.

Yanzu tazarar da ta rage wa tof silindar milimita 0.1 ce, idan ya sake lanƙwashewa sai dai a sayi wani. Kwalin da Baba ya yi rubutu a kai yana cikin aljihun motar tare da takardunta. A but kuma akwai gorar lita ɗaya ta kulan da aka haɗa tun Yulin 2024, har zuwa ƙarshen Afrilun 2025 ba a buɗe ta ba.